Tsuntsun masunci mai shuɗin ƙirji: inda ɗalibai suke yin tuntuɓe

Duk shekarar da na ba ɗalibaina a nan Katsina aiki kan wannan tsuntsu, amsa ɗaya nake fara gani: wai kifi kaɗai yake ci. Sunan ne ya yaudare su. Mai shuɗin ƙirji ɗan kurmi ne. Ana samunsa a bakin teku irin na Neja Dalta, inda itatuwa ke tsaye da saiwoyinsu cikin laka mai gishiri, da kuma dazuzzuka masu duhu tun daga Sanagal har Yuganda. Tsawonsa kusan santimita 25 ne. Abincinsa ƙwari ne da kaguwa da kwaɗi, kifi kuwa sai in ya samu. Har ƙwallon kwakwar manja yakan ci. Sai ya lafe kan reshe shiru, ya faɗo ya cafki kaguwa, ya koma ya yi ta gwara ta da ice kafin ya haɗiye. Wanda zai rubuta abincinsa, ya fara da ƙwari.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ake yi wajen gane tsuntsun. Da damina wani yaro ya kawo mini hoto a waya, yana murna: "Malam, ga shi nan a kan darbejiyarmu!" Ba shi ba ne. Ɗan'uwansa ne da ke biyo damina zuwa arewa yana cin fara da ƙadangaru. Dole su ruɗa mutum, don duka biyun bakinsu ja ne a sama, baƙi a ƙasa. Na ce masa ya dubi ƙirji: namu na damina fari-fari ne mai ratsin toka, wancan kuwa shuɗi ne. Shi kuma wanda ake gani a madatsar Ajiwa ko ta Jibiya, mai baƙi da fari, yana tsayawa cak a iska kafin ya tsunduma, jinsinsa daban, kuma shi ne macin kifi na gaskiya.

Sheƙa ma ana kuskure. Mai shuɗin ƙirji ba ta ciyawa yake yi ba, rami yake fafewa a gidan garar da ke manne jikin bishiya.

Sai kuma masu kama ɗan'uwan nasa na damina su sa shi a keji su watsa masa gero. Ba ya cin hatsi, yunwa za ta kashe shi. In ya faɗo hannunka, ka buɗe kejin a gindin bishiyar da ka same shi.