Shayin kamomil don gashi mai ruwan zinare

Salam 'yan uwa mata. Maman da ta yi tambaya jiya kan 'yarta mai gashi irin na Turawa wai yana ta yin duhu, to ga abin da maƙwabciyata Bajamushiya take yi, a gabana ta yi wa tata 'yar.

Ki samu shayin kamomil, furen nan fari mai rawaya a tsakiya, a nan Jamus kusan ko wane kanti akwai shi. Jaka 4 a kofi 2 na tafasasshen ruwa, ki rufe ya jiƙu har ya huce, don Allah kar ki zuba mata da zafinsa. Bayan wankin kai sai ki riƙa kwarara shi a gashin kina tarewa a roba kina sake zubawa, kar ki ɗauraye, ta ɗan zauna a rana ya bushe. Rawayan cikin furen ne yake kama gashin a hankali, sai kin maimaita sau da yawa kafin ki ga haske.

Lemon tsami kam ni ban yarda da shi ba, busar da gashi yake ya yi ta karyewa. Mu masu baƙin gashi kuwa ba zai canza mana launi ba gaskiya. Ki fara gwada kaɗan a bayan kunnenta, wasu fatarsu ba ta son furen.