Yadda ake tace kaya kafin hawa jirgin ruwan shaƙatawa zuwa Karebiyan, kada kakin soja ya ɓata tafiya

Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Jos ya san abin da ke biyo baya idan farar hula ya sa kakin soja ya bi ta gaban shingen sojoji. Tun muna yara ake ja mana kunne a kan haka. Amma mutanenmu da ke zaune a Amurka da Ingila da Kanada, shekara biyar ta ishe su mantawa, domin a can yadi mai dabbare-dabbaren soja ado ne kawai. Maharba na sa shi, 'yan makaranta na sa shi, har kayan jarirai ana ɗinkawa da shi. Sai hutu ya zo a biya kuɗin jirgin ruwa na kwana bakwai daga Mayami ko Fort Lauderdale ko San Juan, a zuba kaya a akwati yadda aka saba, a manta cewa jirgin zai tsaya a ƙasashe masu dokar kansu. Sau huɗu na yi irin wannan tafiya da iyalina. Na ga yadda aka mai da mutane baya daga bakin ƙofar sauka, kuma ni ma abin ya taɓa samuna. Ba zan yi maganar biza da fasfo da tikiti ba, wanda ya kai ga haɗa akwati ya riga ya wuce nan.

Mataki na farko: karanta jerin tashoshin da jirgin zai tsaya

Buɗe takardar da kamfanin ya aiko maka, ka rubuta sunan ƙasa a gaban kowace tasha, domin sau da yawa sunan gari kawai suke sawa. Bridgetown tana Barbados. Castries tana Sent Lusiya. St. George's tana Giranada, St. John's tana Antigwa da Barbuda, Kingstown tana Sent Binsent, Basseterre tana Sent Kits, Roseau tana Dominika. Falmouth da Ocho Rios da Montego Bay duk Jamaika ne. Port of Spain da Scarborough kuma na Tirinidad da Tobago ne. Waɗannan suna cikin ƙasashen da ake gargaɗin matafiya cewa farar hula ba ya sa kaya masu zanen kakin soja a cikinsu, kuma a yawancinsu gargaɗin ya ambaci yara ƙarara. A lura, Dominika daban, Jamhuriyar Dominika daban. Ta farkon ƙaramin tsibiri ne mai magana da Turanci, ta biyun kuma Sifaniyanci ake yi, tana tsibiri ɗaya da Haiti. Na ga wanda ya rikita su ya karanta bayanin wata ƙasar ya kwantar da hankalinsa.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Ƙasashen nan ƙanana ne, wasu ma ba su da rundunar soja. Sent Lusiya da Giranada da Sent Binsent da Dominika duk da 'yan sanda suke tsaron ƙasa, wani sashe na musamman a cikin 'yan sandan ne ke sa wannan kaki. Dominika ta rushe rundunarta tun 1981, kuma a 1982 wasu daga cikin tsibiran suka kafa haɗakar tsaro mai hedikwata a Barbados. A wurin da masu sa kakin 'yan kaɗan ne, duk wanda aka hango da shi ana ɗaukarsa jami'i, shi ya sa ba sa so ɓata-gari su samu hanyar ɓad da kama. Mu da muka san abin da sojan gona ke yi a hanyoyinmu bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Ko da jerinka bai nuna ko ɗaya daga cikin ƙasashen nan ba, kada ka saki jiki. Lokacin guguwa a wannan yanki daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a cikinsa ne tikiti ya fi araha, shi ya sa da yawanmu muke tafiya a lokacin. Idan yanayi ya ɓaci kyaftin na iya sauya hanya cikin dare, gari ya waye kana tsibirin da ba ya cikin lissafinka.

Mataki na biyu: kada a tafi da kaya mai zanen kaki kwata-kwata

Za ka ji masu cewa ai a cikin jirgi ba laifi, a sa shi ranar da ake tsakiyar teku, ranar sauka a cire. Ni ban yarda da wannan ba, kuma a gidana doka ce. Abin da ya shiga akwati sai ya fito, yawanci kuma a ranar da ake sauri. Ga wanda zai bi jirgin sama ya sauka a filin Grantley Adams na Barbados ya hau jirgin ruwan daga can, kamar yadda mutanen Ingila da yawa ke yi a lokacin sanyi, maganar ta fi tsanani, don tun daga filin jirgin yana ƙarƙashin dokar ƙasar, shi da akwatinsa. Riga ɗaya ba ta kai a tsaya ana dogon bayani da jami'in kwastan a kanta ba.

Mataki na uku: tace kayan, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne ake faɗuwa, nan ne ni ma na faɗi. Mutum zai cire wandonsa mai aljihuna da rigar sanyinsa ya ce ya gama, alhali bai fara ba.

A tafiyarmu ta biyu na san da dokar. Na karanta, na faɗa wa maiɗakina, na cire gajeren wandona na ajiye a gida. Ranar da muka iso Barbados mun biya kuɗin motar da za ta kai mu kogon Harrison, mu biyar, an ce mu kasance a bakin tasha da ƙarfe takwas da rabi. Muka bi layi daga hawa na tara har ƙasa, layin da ya ci kusan minti ashirin. Muna zuwa wurin da ake duba katin shaidar fasinjan jirgi, ma'aikacin tsaron jirgin ya nuna bayan ɗana mai shekara shida. Jakar goyonsa ce ta makaranta, shuɗiya da fari da toka-toka. Kullum ina ganinta a gida, ban taɓa kallonta a matsayin kakin soja ba, saboda a idona kaki kore ne da ruwan ƙasa. Ma'aikacin ya yi mana magana cikin ladabi, ya ce ba zai bari mu fita da ita ba don kada a tare mu a waje. Maganin asmar yaron da ruwan shansa da hularsa duk suna ciki. Na koma sama da gudu, lif a cike, na bi matakala, na juye kayan a leda, na sake bin layi. Kafin mu fito motar ta tafi, kuɗin kuma ba a mayar ba. Abin da ya fi ci mini rai kukan yaron, wanda ya ɗauka shi ya yi laifi, ya ƙi cin abinci har la'asar.

Tun daga ranar nake bin wannan tsari. Kwana uku kafin tafiya, ba daren tafiya ba, a shimfiɗa farin zanin gado a falo a zube duk abin da za a tafi da shi a kai, da rana, a buɗe labule. Abin da ake nema shi ne zanen, launi bai da muhimmanci. Dabbare-dabbare masu shiga cikin juna kamar taswira, ko ƙananan murabba'ai irin na kakin zamani, ko ruwan hoda ne, ko shuɗi, ko fari da baƙi, a fitar da shi. Kada ka tsaya kana cewa ai wannan kowa ya gani ya san ba na soja ba ne. Ba kai za ka yanke hukunci a tasha ba.

Fara da kayan yara, domin nan ya fi ɓuya: wandon wanka, hular hana-salla, safa, takalmin roba, kayan barci, jakar makaranta, robar ruwa, bargon jariri, abin goyo, jakar famfas, rumfar keken jariri. Sai na uwargida: gyale, ɗankwali, wandon motsa jiki da ake sawa a ƙarƙashin abaya, jakar hannu, 'yar jakar kwalliya. Akwai mayafai masu zane da idan aka naɗe su kamar fulawa ne, sai an ware ake ganin ainihin zanen, saboda haka a ware kowanne. Sai naka: bel, walat, igiyar agogo, rigar waya, jakar kyamara, laima, rigar ruwa. A juya kowace riga a duba cikinta, musamman hular da ke haɗe da rigar sanyi da bakin aljihu da naɗin ƙafar wando. Masu ɗinki na son ɓoye wannan yadi a ciki, iska na kaɗawa ya bayyana. Hula mai fuska biyu ma haka.

A ƙarshe a duba akwatin kansa da jakunkunan da za a zuba kayan. Bayanin da gwamnatin Amurka ke ba matafiya zuwa Barbados bai tsaya a tufafi ba, ya haɗa da ɗaukar duk wani abu da aka yi da irin wannan yadi. Jaka ta shiga ciki ke nan.

Idan kun gama, kira wanda ba ɗan gidan ba, maƙwabci ko ɗan'uwa, ya sake dubawa. Idon da ya saba da abu ba ya ganinsa. Da wani ya kalli jakar ɗana na daƙiƙa biyu da ya faɗa mini. Su ma yaran a nuna musu hoton zanen a waya a ce duk wanda ya gano wani yana da tukuici. 'Yata ce ta gano shi a bayan takalmin ƙanenta a tafiyarmu ta uku, wurin da ni da mahaifiyarta muka duba muka wuce.

Mataki na huɗu: maye gurbin abin da aka cire

Yi wannan a gida. Shagunan cikin jirgi da na bakin tasha farashinsu na 'yan yawon buɗe ido ne, jakar da za ka samu a dala goma a unguwarku sai ka biya ninkinta biyu ko uku, kuma da tambarin kamfani a jiki. Jaka mai igiya ta yadi marar zane ta wadatar wa yaro. Ga manya, yadin auduga fari ko mai haske, kuma ni ban ga abin da ya kai ɗinkinmu na gida daɗi a zafin can ba, riga 'yar shara da wando marar nauyi. Wando ruwan ƙasa marar zane ba shi ake nufi ba. Duk da haka ni ba na ɗaukar kore mai duhu mai manyan aljihuna, ba na ɗaukar riga mai tambari a kafaɗa ko baƙin takalmi mai tsawo. Kai ma kada ka ɗauka.

Mataki na biyar: sauran 'yan tafiya

Idan tafiyar ta dangi ce, wasu daga Landan, wasu daga Houston, wasu daga Abuja, tura saƙo da hoto a zauren WhatsApp na tafiyar mako guda kafin tashi, ka sake turawa ana gobe. Mutum ɗaya ya isa ya tsayar da mutum goma sha biyu. Ka ambaci tsaraba musamman, domin kawu ko gwaggo na iya zuwa wa yaro da sabuwar hula a ba shi a cikin jirgi, gobe da safe ya sa abinsa yana murna. Samari masu tasowa kuwa a buɗe jakarsu a gabansu. Cewa na duba, Baba, ba ta isa ba.

Kowace safiyar sauka, a tsaya a bakin ƙofar ɗaki kowa ya juya a kalle shi gaba da baya. A kuma karanta takardar shirye-shiryen yini da ake ajiyewa a ɗaki ko a manhajar jirgin, a nan ake sanar da sauyin tasha.

Mataki na shida: idan an tare ka

Idan a ƙofar jirgi ne, ka gode wa Allah, koma ka canza. Idan a gari ne ɗan sanda ya tsayar da kai, ba da haƙuri, ka ce baƙo ne kai daga jirgi, ka nuna katinka. Kada ka yi gardama, kada ka ɗaga waya kana ɗaukarsa, kada ka ce a Amurka ana sawa, kuma kada ka kuskura ka miƙa masa na goro. In ya ce a cire a cire, in ya karɓe a bar masa, domin abin na iya kaiwa ga tara ko zuwa ofishinsu. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara, ana so kowa ya dawo kamar rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan bambanta da na gari. Lambar wakilin kamfanin a wannan tasha tana cikin takardar yinin, ɗauki hotonta kafin ka fita. Ni a jakata kullum akwai farar riga ɗaya a naɗe da leda baƙa, ko da wani daga cikinmu zai buƙaci canzawa a hanya.