Zaɓen Allon Sarrafawa Mai Wi-Fi da Zai Yi Sauƙin Liƙawa da Dalma

Kafin ka sayi allon sarrafawa, wato ƙaramar kwamfutar da ake sa wa cikin na'urori, ka fara duba tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa, wato wuraren ƙarfe da ake jona wayoyi a kansu. Ƙafafun ƙaramin allo ESP32-WROOM-32 suna da tazarar milimita 1.27, na ɗan'uwansa ESP-12F kuwa milimita 2, don haka dalma takan haɗe ƙafafu biyu a hannun mai koyo, kuma ba sa shiga allon gwaji (allo mai ramuka da ake jona kayan lantarki ba tare da dalma ba) mai tazarar milimita 2.54. A ganina, gara ka ɗauki ESP32 DevKit ko Raspberry Pi Pico W, waɗanda suke da wannan tazara, ga mashigar USB, ga kuma na'urar da ke saukar da wuta zuwa volt 3.3. Kada ka tura siginar volt 5 kai tsaye cikin ƙafafunsu, domin tana iya lalata su.