In za ka gwada cin nama zalla don gina tsoka, ga yadda za ka bi

Da farko dai nama shi kaɗai ba ya gina tsoka fa, ƙarfen da kake ɗagawa ne ke gina ta, naman kayan aiki ne. Abin da mai ɗaga ƙarfe ke buƙata wajen giram 1.6 ne zuwa 2.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 kenan zai nemi giram 110 zuwa 150, kuma dafaffen naman sa giram 100 yana ba da kusan 26, ka ga rabin kilo ya ishe ka, sauran ba damtse zai koma ba.

Kar ka guji kitse. A 1928 wani mai yawon bincike, Vilhjalmur Stefansson, ya shekara yana cin nama kaɗai ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue a birnin New York, da aka ba shi marar kitse zalla kwana kaɗan gudawa ta kama shi, sai da aka dawo masa da kitsen ya warware. Tunda ka yanke hatsi da sukari, kitsen nan ne man da zai ja ka.

Satin farko sikeli zai sauka ka yi ta murna, to ruwa ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka yana riƙe ruwa, in ya ƙare ruwan ya bi shi, kuma da sukarin nan kake tura ƙarfe, shi ya sa za ka ga nauyin da ka saba ɗagawa sau goma a na bakwai hannu ya fara rawa. Rage nauyin, ka sha ruwa sosai, ka ɗan ƙara gishiri.

Sai maganar bayan gida, wadda masu tallar abin ba sa son yi. Nama ba shi da faiba ko kaɗan, wato ɓangaren ganye da hatsi da ciki ba ya narkarwa, mai sauƙaƙa bayan gida, wani cikinsa ya ɗaure wani ya zube. Bitamin C ma kusan babu a dafaffen nama, in ka ga dasashinka na jini kana goge baki kar ka yi wasa. Hanta tana da amfani amma kaɗan, bitamin A in ya yi yawa cuta ne. Su sosej da naman gwangwani kuwa ka bar su, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Ka yi gwajin jini kafin ka fara, kolestarol (wani nau'in kitse a jini) da ƙoda da yurik asid (sinadarin da in ya taru ke kawo ciwon gaɓoɓi), ka maimaita bayan wata biyu ko uku ka gwada takardun. Ni dai da ni ne ba zan yar da ganye da 'ya'yan itace ba, ban ga abin da suka hana tsoka ba. Mai ciwon ƙoda ko mai allurar insulin kuwa sai ya ga likitansa tukuna, don shi mai insulin sukari na iya faɗuwa masa farat ɗaya.