Yadda Ake Ƙalubalantar Ƙarin Caji Idan Ka Biya Rance da Katin Bashi, da Inda Za Ka Kai Ƙara

A ce kana biyan dala 500 duk wata a kan wani rance, ka biya da katin bashi, sai ka ga an cire 515. Wannan 15 ɗin ƙarin caji ne na kashi 3 cikin 100, wanda mai ba da rancen ya ɗora maka don ya maido da abin da kamfanin kati ke karɓa a hannunsa. A shekara ya kai dala 180, kuma ko sisi daga ciki ba ya rage bashin da ake bin ka. Wani lokaci cajin halas ne a doka, wani lokaci ba haka ba. Ga yadda za ka tantance, ka nemi kuɗinka, ba tare da ka jefa rancen kansa cikin matsala ba.

Mataki na 1: Gano wanda ya cire kuɗin

Mutane da yawa suna kai kuka inda ba a nan aka yi musu laifi ba. Buɗe bayanan asusun katinka, ka ajiye su gefe da rasit ɗin biyan. Hannu uku ne za su iya taɓa kuɗin.

Na farko shi ne mai ba da rancen da kansa, wanda ya haɗa ƙarin cikin jimillar da ya cire. Na biyu kamfanin da ya ɗauka don ya riƙa karɓar masa biya ta waya ko ta intanet. Irin wannan cajin yakan fito a layi daban, da sunan wani kamfani da ba ka sani ba. Na uku bankin da ya ba ka katin. Wasu bankuna suna ɗaukar biyan rance da katin bashi tamkar ka ciri tsabar kuɗi ne, sai su ɗora nasu cajin, kuɗin ruwa kuma ya fara hawa tun daga ranar, babu kwanakin rangwamen da ake bayarwa idan sayayya ka yi. Idan wannan na ukun ne, mai ba da rance ba shi da hannu, maganarka da bankinka ce da yarjejeniyar katin.

Mataki na 2: Koma ga takardar da ka sa wa hannu

Nemo yarjejeniyar rancen, ka karanta sashen hanyoyin biya da na caje-caje. Tambayar ɗaya ce: an ambaci wannan cajin, da adadinsa, ko ba a ambata ba? Sai ta biyu: a shafin biya, an nuna maka shi kafin ka danna maɓallin amincewa? Idan biya na gaba ya zo, ɗauki hoton allon kowane shafi tun daga farko har zuwa rasit. Wannan hoton ya fi dogon bayani ƙarfi a gaban duk wanda zai saurari ƙorafinka.

Mataki na 3: San ƙa'idar da aka taka

A nan ne aikin yake, domin "cajin ya yi yawa" ba hujja ba ce. Ana buƙatar ka ce ga ƙa'idar, ga inda aka saɓa mata. Ƙa'idojin hawa biyu ne: na kamfanonin kati, da na dokar ƙasa.

A Amurka, Visa da Mastercard sun yarda ɗan kasuwa ya ɗora ƙarin caji kan katin bashi, amma da sharuɗɗa. Ba zai wuce abin da shi kansa yake biya kan karɓar katin ba. Visa ta tsaida iyaka a kashi 3 cikin 100 tun Afrilun 2023, Mastercard kuma kashi 4. Dole a sanar da kai kafin biya, dole kuma cajin ya fito a layinsa daban a rasit. Sharaɗin da aka fi takawa shi ne wannan: ba a ɗora irin wannan ƙarin kan katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusunka, wato katin ATM ɗin da kowa ya sani, ko katin da ake loda wa kuɗi tun da farko. Idan da irinsu ka biya aka caje ka, ka samu bakin zaren.

Akwai wani caji da ke kama da wannan, wanda ake cewa kuɗin sauƙaƙa biya ne, saboda ka biya ta waya ko ta intanet maimakon hanyar da aka saba. A ƙa'idar Visa wannan tsayayyen adadi ne, ba kaso cikin ɗari ba, kuma ba a ɗora shi kan biyan da aka saita yana fita da kansa duk wata. To idan an kira shi kuɗin sauƙaƙa biya amma yana hawa yana sauka gwargwadon abin da ka biya, akwai abin tambaya.

Sai dokar ƙasa. A Birtaniya an haramta ƙarin caji kan katunan ɗaiɗaikun mutane tun 13 ga Janairun 2018, daidai lokacin da ƙa'idar Tarayyar Turai kan harkar biyan kuɗi ta fara aiki. Katunan kamfanoni ba sa ciki. A Amurka abin jiha-jiha ne: Connecticut da Massachusetts sun hana, Colorado ta sa iyaka, New York kuma tun Fabrairun 2024 ta wajabta a nuna wa mai biya cikakken farashin da zai biya da kati, ba a ɓoye ƙarin sai a ƙarshe ba. Haka nan dokar tarayya ta 1977 kan masu karɓar bashi ta hana su karɓar duk wani kuɗi da yarjejeniyar bashin ba ta fayyace ba kuma doka ba ta halatta ba. Sai dai a lura, wannan dokar ta fi shafar kamfanonin da ke karɓar bashi a madadin wani, ba lallai ta kama wanda ya ba ka rancen da kansa ba. Dokokin nan suna sauyawa, don haka duba shafin hukumar da ke kula da inda kake kafin ka rubuta komai.

Mataki na 4: Rubuta wa mai ba da rancen

Kira ta waya ba laifi, amma iska ke kwashe shi. Rubuta wasiƙa ko imel: lambar rancen, ranar kowane biya, adadin ƙarin, ƙa'idar da kake ganin an saɓa, da abin da kake so, wato a mayar maka da kuɗin ko a zuba su cikin uwar bashin. Nemi su nuna maka sakin layin yarjejeniyar da ya ba su izini. Ka ba su wa'adi, ka ajiye kwafi. Kada ka cika zafin baki. Wanda zai karanta ma'aikaci ne, kuma wasiƙar nan ita za ta bi ka har gaban hukuma.

Idan rancen gida ne a Amurka, kana da ƙarin dama. Wasiƙar da ke nuna kuskure, idan ta je adireshin da kamfanin ya ware don haka, dole ya amsa cewa ta iso cikin kwanakin aiki 5, ya kuma warware ko ya yi bayani cikin kwanakin aiki 30 a mafi yawan lokuta.

A wannan tsakanin, sauya hanyar biya. Tura kuɗi kai tsaye daga asusun banki galibi ba ya ɗaukar caji. A ganina ma, biyan bashi da wani bashin da ya fi shi tsadar ruwa ba dabara ba ce sai in dole ta kama.

Mataki na 5: Ƙalubalanta ta bankin katinka, amma da hankali

Idan sun yi shiru ko sun ƙi, sai ka juya ga bankin da ya ba ka katin. A Amurka, dokar 1974 kan kurakuran lissafin katin bashi ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko da bayanan asusun da cajin ya fara fitowa. A rubuce ake yi, zuwa adireshin ƙorafin lissafi, ba na biyan kuɗi ba. Bankin zai amsa cikin kwana 30, ya kammala bincike cikin zagayen lissafi biyu, wato kafin bayanan asusu na wata-wata su fito sau biyu, kada ya wuce kwana 90. Yayin binciken ba a tilasta maka biyan adadin da ake jayayya a kai, amma sauran bashin katin yana nan a kanka. Wa'adin kwana 60 ɗin ba ya tsayawa don kana jiran amsar mai ba da rance, saboda haka idan ya matso, shigar kawai.

Ga kashedin da ya fi komai muhimmanci a wannan rubutun: ƙarin kaɗai za ka ƙalubalanta. Dala 15, ba 515 ba. Idan banki ya janyo duka kuɗin, a littafin mai ba da rance ba ka biya watan ba ke nan. Tarar jinkiri za ta hau, kuma a Amurka da zarar jinkirin ya kai kwana 30 za a iya kai sunanka ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, tabon kuma yana iya zama har shekara 7. Garin neman gira a rasa ido. Rubuta adadin ƙarara, kuma idan manhajar bankin ba ta ba da damar zaɓar wani ɓangare na cajin ba, bar ta, ka yi da wasiƙa. Kuma kada ka rage ƙarin daga biyan wata mai zuwa da sunan ramuwa. Za a lissafa shi a matsayin biyan da bai cika ba.

Mataki na 6: Kai ƙara

Visa da Mastercard duk suna da fom a shafukansu na kai rahoton wanda ya saɓa ƙa'idar ƙarin caji. Su bankin da ke karɓar wa ɗan kasuwar kuɗi suke bi, wanda zai iya ja masa kunne ko a ci shi tara. Kada ka sa ran kuɗinka za su dawo ta wannan hanyar. Amfaninta shi ne a daina.

A Amurka, hukumar CFPB, wadda aka kafa da dokar 2010 don kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, tana karɓar ƙorafi ta intanet, ta miƙa wa kamfanin, wanda galibi yake amsawa cikin kwana 15. Ofishin babban lauyan jiha da hukumar da ta ba mai rancen lasisi a jihar sukan fi tasiri kan ƙananan kamfanoni. Idan banki ne mai lasisin tarayya, hukumar sa ido kan bankuna ta OCC ke kula da shi. Idan ƙungiyar adashi da lamuni ce ta tarayya, sai hukumar NCUA mai kula da irin waɗannan ƙungiyoyi.

A Birtaniya, sai ka fara da kamfanin. Yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe a yawancin ƙorafe-ƙorafe. Idan amsar ba ta gamsar ba, ko wa'adin ya cika shiru, ka wuce ofishin mai sasanta rikicin harkar kuɗi, kyauta ne, kuma kana da wata 6 daga ranar amsar ƙarshen.

Duk inda za ka kai, haɗa abu huɗu: shafin yarjejeniyar, rasit, hotunan allon biya, da wasiƙar da ka aika tare da amsarsu in akwai. Lissafa duka watannin da aka caje ka, ba na ƙarshe kaɗai ba, kowanne da ranarsa da adadinsa, ka rubuta jimillar da kake nema a layin farko na ƙorafin.