Yadda Za Ka Raya Kifin Gupi a Sabon Tanki Ba Tare da Ya Mutu Ba

Yawancin masu fara kiwon kifin ado a nan Katsina rana ɗaya suke haɗa komai. A sayo tankin gilashi da safe, a cika shi da ruwa da azahar, kafin magariba an zuba kifaye goma ana ɗaukar hoto. Makon farko lafiya lau. A na biyu sai a fara tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya, alhali ruwan garau yake. Daga nan a ɗora wa mai sayarwa laifi, ko a ce baki ne ya kama su.

Abin da ke kashe su guba ce da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki ma yana ƙara ta. A tankin da ya daɗe akwai wasu bakteriya masu amfani da ke manne a soson matata (na'urar da ke tace ruwan tanki) da tsakuwa, waɗanda ke mayar da amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret. Amoniya da naitirait duka guba ne, naitiret ne kaɗai kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, kuma kafin su yaɗu su ishi aikin sai an yi mako 4 zuwa 6. Da a ce za a bi yadda ya kamata, sai a bar tankin ya nuna tukuna kafin a sa kifi. To amma tunda kifin ya riga ya zo gida, aikin da bakteriyar za su yi kai ne za ka yi shi da bokiti har su samu.

Sa'ar da aka yi ita ce gupi kifi ne mai juriya. Asalinsa daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka yake, wajajen Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad, ƙasashe masu zafi, kuma an kai shi ƙasashe da dama don ya cinye tsutsar sauro. Sai dai masu doguwar jela kala-kala da ake sayarwa don ado ba su kai na daji ƙwari ba.

Fara da rage yawan kifin

Ka san litar tankinka tukuna. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 yana ɗaukar lita 54, kusan jarka biyu ke nan ta 'yan garuwa. A irin wannan, gupi uku sun isa a farko. Idan ka riga ka sayi goma, ka roƙi mai sayarwa ko wani aboki mai tsohon tanki ya riƙe maka sauran. 'Yar kwalbar nan mai siffar ƙwallo da ake ajiyewa a kan tebur kuwa ba wurin kiwo ba ce, ruwanta ya yi kaɗan, guba ba ta daɗewa take cika shi.

Ni shawarata ukun nan su zama maza zalla. Namiji shi ne ƙarami mai launi, bai cika wuce santimita 3 da rabi ba. Mace ta fi girma da kauri, tana kaiwa santimita 6, da ɗigon baƙi a bayan cikinta. Gupi ba ta yin ƙwai, 'ya'ya take haifa, kuma macen da ta zauna tare da maza a wurin mai sayarwa kusan tabbas da ciki ta zo. Ba ka son 'ya'ya talatin su sauka a tankin da bai iya ɗaukar kashin kifi uku ba.

Idan a leda aka kawo maka su, musamman in sun sha doguwar tafiya a mota daga Kano, ka ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan tankin na minti 15 zuwa 20 don zafin ya daidaita. Sannan ka buɗe, ka riƙa zuba ruwan tankin kaɗan-kaɗan a ciki na wasu mintoci, ka kwashe kifin da 'yar raga. Ruwan ledar ka zubar.

Ruwan da za ka riƙa zubawa

A nan ake yawan yin kuskure, domin ruwanmu iri-iri ne. Ruwan famfo da ke zuwa daga matatar Ajiwa ruwa ne da aka sarrafa, a irinsa kuwa kulorin ake sawa, shi kuma yana ƙona mashaƙar kifi, yana kuma kashe bakteriyar da kake jira. Ka nemi maganin cire kulorin a wurin masu kayan kifin ado, ka ɗiga a bokiti yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Idan babu, ka bar ruwan a buɗe ya kwana ya wuni, in da hali da injin iska, wato ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa, a ciki. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iska, shi ma gara ya kwana a bokiti. Na garuwa ka tambayi inda aka ɗebo shi, kuma ka tsaya a kan wuri ɗaya, domin sauya ruwa yau na rijiya gobe na famfo yana gigita kifi. Ruwan sama zalla bai dace ba, gupi ya fi son ruwa mai ɗan ma'adini a ciki.

Ka ware bokiti ɗaya da tiyo ɗaya na kifi kawai. Bokitin da aka taɓa jiƙa omo a ciki, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir, kada su kusanci tankin. Ka kuma gaya wa mutanen gida, don kada a wayi gari an ari bokitin an yi wanki da shi. Lokacin zafi kada ka tari ruwan tankin saman gida da rana tsaka, ka tara da asuba.

Canjin ruwa, wanda shi ne ainihin aikin

Idan za ka iya samun kayan gwajin ruwa na amoniya da naitirait, ka saya, ko da sai an aiko maka daga wani gari. Na ɗigawa a 'yar kwalba ya fi na takarda nuna gaskiya. Ka gwada kowace safiya kafin ka ba da abinci. Abin da kake so shi ne amoniya da naitirait kada ɗayansu ya wuce 0.25 a ma'aunin, in ya kai 0.5 to canji ya wajaba a ranar. Lissafin mai sauƙi ne: idan gwaji ya nuna 1, ka cire rabin ruwan ka zuba sabo, ya koma 0.5. Ka sake cire rabi da yamma, ya koma 0.25. Kofi biyu ko uku da wasu ke ɗiba su ce sun canja ruwa ba ya rage komai.

Wanda ba shi da kayan gwaji sai ya ɗauka cewa gubar tana nan, ya yi aiki da jadawali. Makonni biyun farko ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum. Daga mako na uku zuwa na shida ka koma kwana bibbiyu, kana cire kashi ɗaya cikin uku. Kada ka sake jiki don ka ga an wuce mako biyu lafiya, domin a daidai lokacin ne amoniya ke sauka naitirait kuma ya hau, kuma shi ya fi daɗewa kafin ya sauka. Naitirait yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar numfashi, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa ko da injin iska na aiki. Gishiri yana rage wannan illar: ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 10, a narkar a kofi tukuna. Gishirin ba ya bin tururi, don haka idan ka canja ruwa, na litar da ka cire kawai za ka mayar. Kanwa kuwa kada ka kuskura, tana sauya ruwan ta yadda amoniya za ta ƙara dafi.

Wajen cirewa ka sa bakin tiyo a ƙasa ya zuƙe kashi da ragowar abinci. Kifin yana ciki za ka yi, ba sai ka kwashe shi ba. Ka taɓa sabon ruwan da hannu ka ji zafinsa ya yi kusa da na tankin, sannan ka zuba a hankali. Cika gurbin ruwan da ya ƙafe da kansa, wanda ke yawa lokacin hunturu, ba ya cikin lissafin canji, tunda ruwan ne ya tafi, dattin yana nan.

Babban abin da za ka guje wa shi ne juye tankin gaba ɗaya a wanke gilashi da tsakuwa da soso tas. Mai yin haka duk mako yana mayar da kansa ranar farko ne, tankinsa ba zai taɓa nuna ba. A makonnin nan kada ka taɓa soson matata sai dole. Idan ya toshe, ka matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da ka cire daga tankin, ka mayar. Idan ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a kwanakin farko, wasu bakteriya ne suka yi yawa, zai washe da kansa.

Abinci

Sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Ka tsallake rana ɗaya a mako, ba abin da zai same su. Gupi kullum yana nuna kamar yunwa yake ji, yara kuma suna son ganin yana ci, don haka ka ɓoye gwangwanin abincin inda hannunsu ba ya kaiwa. Burodi da tuwo da biskit lalata ruwa kawai suke yi.

Wuta, zafi da sanyi

Bakteriyar matata suna buƙatar ruwa mai motsi da iska. Idan an ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa sukan raunana, kifin ma ya takura. Saboda haka matatar soso mai aiki da injin iska ta fi dacewa da mu, domin akwai ƙananan injina da ake jona su da fawa-banki irin na cajin waya, su kwana suna aiki. In ba ka da shi, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma ranar kada ka ba da abinci.

Gupi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke kaiwa digiri 40, ruwan tanki yakan haura 30, ruwa mai zafi kuwa iskarsa kaɗan ce, amoniya ma ta fi yin illa a cikinsa. Ka ajiye tankin nesa da taga, a ɗakin da ya fi sanyi. Fanka da ke kaɗa saman ruwan tana rage zafin, haka ma gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe da aka bari tana yawo a ciki. Ƙanƙarar kanta kada ka jefa ta kai tsaye. A Disamba da Janairu matsalar ta juya: idan ruwan ya sauka ƙasa da digiri 20 kifin yakan yi lakwas, sai cutar farin ɗigo ta kama shi. Hita mai wat 50 ta isa tankin lita 54, in babu wuta ka lulluɓe shi da bargo da dare. Murfi wajibi ne, saboda ƙurar hunturu, kuma gupi yana tsalle.

Akwai wani abin da ke kashe kifi a gidajenmu wanda bai shafi sabuntar tanki ba, wato maganin sauro. Filit da fiya-fiya da na kunnawa duk guba ne mai tsanani ga kifi. Ɗakin da tanki yake a daina fesa shi, a koma gidan sauro. Idan ya zama dole, ka kashe injin iska, ka rufe tankin ruf, sai warin ya fita sannan ka kunna.

Yadda za ka gajarta jiran

Idan ka san mai tankin da ya yi watanni kifinsa lafiya, ka roƙe shi yankin tsohon sosonsa. Ka ɗauko shi a jiƙe cikin leda da ruwan tankinsa, ka sa a naka a ranar. Wannan kaɗai yana iya rage makonni. Ruwan tankinsa zalla ba ya yin wannan aikin, domin bakteriyar a jikin soso suke. Na kwalba da ake sayarwa ban cika dogara da su ba, saboda zafin da suke sha a hanya da kanti.

Tsiron ruwa ma yana shan amoniya. Kainuwa biyu ko uku a saman ruwan suna taimakawa idan akwai haske. Wadda aka ɗebo daga kududdufi sai an wanke ta an ajiye a bokiti daban na mako biyu, saboda matsattsaku da dodon koɗi, kuma kada a tura yara shiga kududdufi ɗebo ta, tsargiya a irin ruwan nan ake kwasar ta.

Duk ranar da ka ga kifi yana haki a sama, ko ya tsuke jela, ko ya lafe a ƙasa, ko gefen kansa ya yi ja, ka canja rabin ruwan nan take. Kada ka fasa kafso irin wanda ake zuba wa kaji, zai kashe bakteriyar matatar, cutar kuma galibi daga ruwan take. Wanda ya mutu ka cire shi da wuri.

Za ka san tankin ya nuna idan gwaji ya nuna sifiri a amoniya da naitirait har mako guda, naitiret kuma ya fara bayyana. Marar kayan gwaji ya cika mako shida. Daga nan canji ya koma sau ɗaya a mako, kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ƙara kifi biyu ko uku, ka jira mako biyu kafin ka sake ƙarawa. Idan za ka kawo mata, ka sa biyu ga kowane namiji don kada ya dame su. Mace tana haihuwa kusan duk mako huɗu, manyan kuma suna cinye 'ya'yan idan babu tsiron da za su ɓuya, don haka tun kafin ka kawo su ka tanadi wani tankin ko wanda zai karɓi rarar.