Yadda Ake Auna Martanin Masoya Idan Tirelar Shirin Almarar Kimiyya Ta Fito

Duk lokacin da wani kamfani ya saki tirelar sabon shiri mai dogon zango na almarar kimiyya, kafin a yi awa biyu za ka ga sababbin marubuta sun wallafa cewa masoya sun yi tir da shirin, ko kuma sun yi na'am da shi baki ɗaya. Na ga masu koyon wannan aiki da dama sun faɗa wannan rami, ni ma na taɓa faɗawa. Zan bi matakan ne da misalin Star Trek: Discovery, wanda cikakkiyar tirelarsa ta farko ta fito a watan Mayun 2017, bayan shekara 12 ba a yi sabon shirin talabijin na wannan zuri'a ba tun da Star Trek: Enterprise ya ƙare a 2005.

Da farko ka tabbatar cewa tirelar da ake cece-kuce a kanta ta kamfanin ce. A YouTube akwai tashoshi da ke haɗa tirelar bogi da gutsuren tsofaffin finafinai da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira, kuma mutane suna yin fushi ko murna a ƙarƙashinsu kamar gaske. Ka je tashar kamfanin da kanta, ka duba ranar da aka ɗora, ka kuma bambance gajeren ɗanɗano na daƙiƙa talatin da cikakkiyar tirela ta minti biyu, domin martanin da aka yi wa na farko sau da yawa hasashe ne kawai.

Mataki na biyu, ka kalla da idonka kafin ka karanta ra'ayin kowa. Ƙa'idata sau uku ce: sau ɗaya kai tsaye, sau ɗaya kana tsayar da hoto kana rubuta abin da ka gani, sau ɗaya kuma da sauti kaɗai, saboda kiɗa da muryar mai ba da labari suna ɗauke da rabin abin da zai tayar da hankalin tsofaffin masoya. Kada ka yi rowar data a nan. Wanda ya kalla da ƙaramin hoto mai dishi-dishi ba zai gane abin da ake faɗa a kan kayan jikin 'yan wasa ko cikin jirgin sama jannati ba. Ka sauke ta sau ɗaya da hoto mai kyau a lokacin garaɓasar dare, ka yi ta maimaitawa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Na uku shi ne jira. Kwana biyu nake ba wa tirela kafin in rubuta kalma ɗaya game da abin da masoya ke ji. Waɗanda suke magana a awannin farko su ne mafi zafin so da mafi zafin ƙi, masu tsaka-tsaki kuwa suna wurin aiki ko suna barci, musamman idan an saki tirelar da rana a Amurka alhali dare ya yi a Turai da Afirka. Haka kuma tafin da ake yi a babban zauren Comic-Con, taron masoya finafinai da littattafan zane na San Diego, a watan Yuli ba ma'auni ba ne, domin mutanen da suka kwana a layi don su samu kujera sun riga sun yanke shawarar son abin da za a nuna musu.

Mataki na huɗu shi ne inda na yi tuntuɓe, kuma a nan aikin yake. Dole ka rarrabe masu maganar kafin ka ƙidaya su. A 2017 na rubuta wa wata kafa rahoto cewa masoyan Star Trek sun juya wa Discovery baya, hujjata kuwa ita ce ɗimbin korafin da na gani a kan ƙabilar Klingon, halittun wata duniya a cikin labarin, waɗanda aka sake wa kama, aka aske musu kai ƙwal, aka ba su fuska da tufafi dabam da waɗanda aka saba gani. Sai da na koma na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, da biro da takarda, na gane cewa na zuba mutane iri huɗu a kwando ɗaya. Akwai masu kishin tarihin labarin, waɗanda damuwarsu ita ce an ce shirin yana faruwa kimanin shekara goma kafin zamanin Kyaftin Kirk, jarumin Star Trek na asali na 1966, amma na'urorin cikin jirgin sun fi na shirin 1966 ci gaba nesa ba kusa ba. Waɗannan suna gunaguni ne, amma babu abin da zai hana su kallo, su ne ma za su fara zama gaban talabijin. Akwai 'yan Amurka da ba shirin ne ya ɓata musu rai ba, kuɗi ne, domin bayan kashi na farko sai wanda ya biya kuɗin CBS All Access, manhajar kallo ta kamfanin CBS a lokacin, zai ci gaba da gani, alhali a yawancin sauran ƙasashe Netflix ce ta ɗauka. Akwai waɗanda abin da ya tsone musu ido shi ne baƙar fata mace, Sonequa Martin-Green, ce jarumar shirin, sai suka fake da maganar Klingon. Sannan akwai sababbin masu kallo da ba su san komai game da tsofaffin shirye-shiryen ba, suka ga yaƙi a sararin samaniya ya burge su.

Kowane rukuni yana nufin abu dabam ga makomar shiri, kuma marubucin da bai raba su ba zai yi hukuncin da lokaci zai ƙaryata. Discovery ya fara a ranar 24 ga Satumbar 2017, ya yi zango biyar, bai ƙare ba sai 2024. Korafin rukuni na farko ma ya yi tasiri, domin a zango na biyu an mayar wa Klingon gashinsu, aka ce aske kai al'adarsu ce a lokacin yaƙi. Hanyar da nake bi yanzu ita ce in ɗauki maganganu ɗari biyu daga wurare uku mabambanta, in jera su daga sababbi zuwa tsofaffi maimakon in bi waɗanda manhaja ta ɗaga sama, domin abin da take ɗagawa shi ne wanda ya fi jawo gardama. Kowace magana in rubuta mata abu biyu: me ake kuka da shi, kuma mai maganar ya ce zai kalla ko ba zai kalla ba. Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci.

Harshe ma rarrabewa ne. Da Netflix ta fito da 3 Body Problem a watan Maris na 2024, wanda aka ɗauko daga littafin marubucin ƙasar Sin Liu Cixin aka mayar da yawancin labarin Ingila, masu magana da Sinanci suna auna shi ne da wanda kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya yi a 2023 mai kashi 30, yayin da yawancin masu Turanci ba su ma san da wancan ba. Idan Turanci kaɗai ka karanta, ka faɗi haka a rahotonka.

Game da alƙaluma, ka yi hattara. Tun watan Nuwambar 2021 YouTube ta ɓoye yawan masu danna alamar ƙi, don haka duk adadin da ka ga ana yaɗawa bayan wannan lokaci ƙiyasi ne na wasu manhajoji, kuma ni ba na saka shi. Yawan kallo ma ba ya nuna so, tunda kamfani yana iya biyan kuɗi a tura tirelar a matsayin talla.

Rubutun kansa ba shi da wuya idan an yi aikin baya. Ka fara da abin da tirelar ta nuna, ka kawo rukunonin bisa girmansu, ka cire sunayen mutanen da ba sanannu ba ne, kuma kada ka rubuta "masoya sun ce" sai ka faɗi waɗanne masoya. Ka ajiye takardar ƙidayarka, domin za ka buƙace ta ranar da kashi na farko ya fito, ka ga ko waɗanda suka rantse ba za su kalla ba suna cikin masu sharhi a kansa.